Mu 18 za mu sauka Istanbul a Disamba: daga ƙofar jirgi zuwa ɗakin otel, yaya ake yi?

Hajiya Asabe, Marwa: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Adashenmu ya kai, mun tsayar da shawarar hutun kwana 8 a Istanbul ƙarshen Disamba. Mu 18 ne: mata 11, maza 4, yara 3. Akwai tsofaffi uku, ɗaya tana fama da gwiwa. Biza ta fito, tikiti na hannu, daga Njamena za mu tashi, kuma takarda ta nuna da sassafe za mu sauka. Ajans ta kama mana otel a unguwar Laleli, amma babu ɗan jagora. Ku da kuka san hanya, ku jera mana abin yi tun daga buɗe ƙofar jirgi har kowa ya sa haƙarƙarinsa a gado.

Alhaji Bappa, Garwa: Wa alaikumus salam Hajiya. Santambul, in ji tsofaffinmu. Fara da duba tikiti: harufa uku ne ke nuna filin da za ku sauka. IST shi ne babban filin da jirage suka koma a 2019, yana ɓangaren Turai, kimanin kilomita 40 daga Laleli. SAW kuma Sabiha Gokchen ne, can ɓangaren Asiya. Wanda ya aika mota filin da ba shi ba ya yi asarar awa biyu da kuɗin mota.

Kuskuren farko yana faruwa ne minti goma bayan sauka. Yawancin waɗanda ke cikin jirgin daga ƙasashenmu ba Istanbul za su tsaya ba, wucewa za su yi Turai ko Saudiyya ko Sin. Sai ayari ya bi tururuwar mutane ya faɗa layin masu canjin jirgi, inda aka rubuta Transfer. Ku ba can za ku ba. Allon da za ku bi shi ne mai Pasaport Kontrol da hoton akwati. Ku bar fasinjoji su gama fita, ku tsaya gefe a bakin baranda, a ƙirga kai 18, sannan a ɗaga. Mutum ɗaya a gaba, mutum ɗaya mai ƙarfi a can baya, tsofaffi da yara a tsakiya.

Zara, Njamena: Baba Alhaji ya faɗi gaskiya. In ƙara da maganar mai ciwon gwiwa. Filin IST faɗi ne da shi, daga ƙofar jirgi zuwa wurin duba fasfo tafiyar ƙafa tana iya cin minti 20. Hajiya, ki sa ajans ta shigar da buƙatar keken guragu cikin tikitinta, aƙalla awa 48 kafin tashi. Alamar da ake sa wa mai iya hawa matakala amma ba ya iya doguwar tafiya ita ce WCHR. Ba a biyan ko dala. Sai dai ku sani, mai tura keken ba ya jiran ayari, ta wani layi daban yake bi da ita. Don haka a ware mata ɗan rakiya ɗaya, a kuma ce mahaɗa ita ce bel ɗin da kayan jirginku ke fitowa.

Kafin duk wannan akwai gadar Ngeli, wadda ke kan iyaka tsakanin Kusiri da Njamena. Kowa ya tabbata an buga masa tambarin fita daga Kamaru da na shiga Chadi, don ɗan sandan filin jirgin Hassan Jamus yana neman su. Ku kwana a Kusiri ko Njamena. Hanyar Mora zuwa Waza ba ta alkawari da kowa, ba a baro Marwa ranar tashin jirgi.

Malam Hamadu, Kusiri: Shawarata, shugabar tafiya ta tattara fasfo 18 ɗin a jaka guda ta riƙe tun daga gida har dawowa. Tsofaffi da yara su ne masu yar da takarda.

Zara, Njamena: Malam, da girmamawa, a nan kam ban bi ka ba. A gaban jami'in shige da fice kowa shi kaɗai yake tsayawa, yaro ne kawai ke shiga da uwarsa. In fasfo duka na hannun Hajiya Asabe, ta riga ta wuce, wa zai miƙo wa na baya? Ba a komowa ta wannan shingen. Na biyu, a Turkiyya doka ce baƙo ya kasance da shaidarsa a jikinsa, kuma unguwannin Aksaray da Laleli, inda baƙi suka fi yawa, 'yan sanda kan tare mutum su tambaya. Na uku, in jakar nan guda ta ɓata, mutum 18 ne suka maƙale, ba ɗaya ba.

Malam Hamadu, Kusiri: To wanda ya bar nasa a banɗakin filin jirgi fa? Ko ya cusa a aljihun kujerar jirgi ya fita?

Alhaji Bappa, Garwa: Ku duka kuna da hujja, a raba gardama. Kowane babba ya riƙe nasa a 'yar jakar wuya, ƙarƙashin riga, ba a jakar hannu ba. Na yara yana wurin iyaye. Shugaba ta riƙe kwafin shafin hoto da shafin biza na kowa, takarda da kuma hoto a waya. Sannan duk inda aka ƙirga kai, a ƙirga fasfo: kowa ya ɗaga nasa sama a gani. Sau uku ya isa, a bakin jirgi, bayan tambari, da cikin mota kafin ta tashi.

Abin da jami'i kan tambaya kaɗan ne: ina za ka sauka, kwana nawa, ina tikitin komawa. Don haka a buga takarda ɗaya sau 18, mai sunan otel da adireshinsa yadda Turkawa ke rubutawa, lambar wayar otel, lambar shugaba, da ranar komawa. Tsohuwar da ba ta jin Faransanci balle Turanci miƙa takardar kawai za ta yi. Wanda ya fi iya magana ya tsaya ƙarshen layi, kada ya riga kowa wucewa. Yaron da ubansa ba ya cikin tafiyar kuwa, a nemo takardar izinin uba da tambarin hukuma tun a gida.

Hajiya Asabe, Marwa: Allah ya saka. Wannan ta ƙarshen layi ban taɓa kawo ta a raina ba. Kaya fa? Mata 11 ne, kun san abin da nake nufi.

Zara, Njamena: Mun sani, Hajiya! Duba tikitin kowa, can aka rubuta adadin. Galibi a hanyoyinmu akwati biyu ne, kowanne kilo 23, da jakar hannu kilo 8. Akwati ɗaya da ya haura kilo 32 ba a karɓarsa ko za ki biya. Abin da ke rikita ayari shi ne a Njamena a auna kayan mutum shida a dunƙule, a manna 'yan takardun shaidar kaya duka a bayan tikitin mutum ɗaya. In akwati ya ɓata, ba a san da sunan wa ya tafi ba. Kowa ya auna nasa da sunansa, a rubuta lambar kowane akwati a littafi, a ɗauki hotonsa. Ku sayi yadi ɗaya mai launi mai ƙarfi ku yayyage, ku ɗaura wa kowane hannun akwati. Baƙaƙen akwatuna iri ɗaya ne da na kowa.

In kaya bai fito ba, kada kowa ya bar zauren kaya. Ofishin kayan da suka ɓata yana nan ciki, a cika takardar da ake kira PIR, a karɓi lambarta, a ba su adireshin otel. Wanda ya fita ta ƙofar duwan, wato kwastan, ba ya komowa. Akwatin da ya fashe, kwana 7 ake da su a rubuta ƙorafi. Wanda ya makara, kwana 21 daga ranar da ya iso hannu.

Wani abu: tafi da akwati ɗaya cikin ɗaya. Ai daga Laleli ba a dawowa da wofi.

Mairamu, Ngawundere: Ni fannina jinya, bari in shigo nan. Maganin hawan jini, na suga, da duk wanda ake sha kullum, jakar hannu zai shiga, cikin kwalinsa na asali, da takardar likita, na kwana 8 da ƙarin kwana 4. Magungunan kashe zafi masu ƙarfi irin tramadol kada kowa ya ɗauka ba tare da takardar likita ba, ba wasa ake da su a iyakokin ƙasashe ba. Katin rigakafin shawara ku haɗa shi da fasfo, za a nema a hanyar dawowa. Tun 2016 allura ɗaya ta wadatar har ƙarshen rai, kada wani ya ce muku katin ya tsufa.

Abin da na fi jin tsoro shi ne zazzaɓin cizon sauro. Mutum na iya barin Marwa da shi a jini, ya tashi masa a kwana na uku. Likitan can ba kullum yake ganin irinsa ba, a lokacin sanyi mura zai fara zato. Duk wanda jikinsa ya yi zafi, abu na farko da za a faɗa wa likita shi ne daga inda aka fito. Ku tafi da abin gwaji na yatsa guda biyar ko shida da maganin da likitanku ya rubuta, na manya da na yara. Lambar gaggawa 112 ce, kantin magani kuma Eczane aka rubuta a kansa.

Kilishi a bar shi a gida. Nama da kayan madara ba a shiga da su, karɓewa za a yi. Yaji busasshe da garin kunu, a leda mai kyau, su ne za su cece ku, don abincinsu ba shi da barkono irin namu.

Sali, Garwa: Ina wuni iyayena. Maganar waya. Akwai intanet na kyauta a filin jirgin, ana samun lambar shiga ta saƙon waya ko a wata na'ura da ake ɗora mata fasfo. Shi ya isa a kira direba ta WhatsApp. Layin waya na Turkcell, Vodafone ko Türk Telekom ana saye da fasfo, amma na filin jirgi ya fi na cikin gari tsada. Ba sai mutum 18 sun saya ba. Layi uku sun isa, ɗaya ga kowane rukuni na mutum shida, sauran su jona ta wayar mai layin. Ku kashe intanet ɗin layukanku na gida tun kafin jirgi ya tashi, in ba haka ba kuɗin ciki zai narke kafin ku kai wurin kaya.

Soket ɗinsu mai rami biyu zagaye ne irin namu, wuta 230. Amma cajar da aka sayo daga Mubi ko Yola mai ƙafa uku masu faɗi ba za ta shiga ba, a nemi mahaɗi. Batirin ajiye caji jakar hannu yake shiga, ba akwatin da ake aunawa ba. Agogo kuma a tura shi gaba da awa biyu. Ranar komawa wannan awa biyun ba ta yafiya.

Don zuwa gari, akwai jirgin ƙarƙashin ƙasa M11 daga filin zuwa Gayrettepe, kusan rabin awa, sai a canza zuwa M2 a sauka Vezneciler, wadda ke kusa da Laleli. Shi ya fi arha kuma ba ruwansa da cunkoso.

Alhaji Bappa, Garwa: Sali, ɗana, wannan hanyar samari ce masu jakar goyo. Ka lissafa: mutum 18, akwati wajen 30, tsohuwa mai gwiwa, yara uku da ba su yi barci ba. Tashar Gayrettepe tana can ƙasa ƙwarai, matakala bayan matakala, ga doguwar tafiya tsakanin layin biyu. Ƙofar jirgin kuma ba ta jiran ƙirgar kai. Rabi su shiga, rabi su tsaya, shi ke nan an rabu tun ranar farko.

Tasi ma ba ta yi ba. Mutum huɗu take ɗauka, amma da kayanku uku ne za su shiga, wato mota shida ko bakwai, kowacce da direbanta da hanyarta, ba mai jin yaren wani. Bas ɗin Havaist mai zuwa Aksaray yana da wurin kaya a ƙasa kuma kuɗinsa daidai ne, sai dai ba lallai ku sami kujera 18 a mota ɗaya ba, kuma a tasha zai sauke ku ba a ƙofar otel ba. Abin da ya dace da ku shi ne motar haya da aka kama tun daga gida ta hannun otel ko kamfani mai rajista. Ku faɗa musu adadin akwati, ba adadin mutum kawai ba. Nan ake faɗuwa: ƙaramar bas mai kujera 19 za ta ɗauke ku, amma bayanta ba ya cin akwati 30. Ko a kawo mai kujera 27 zuwa sama, ko ƙanana biyu. A rubuta farashin duka a saƙo, a ba su lambar jirgi don su san in ya makara.

Zara, Njamena: Kuma kada ku fito kuna neman mai riƙe da allon sunan Hajiya a bakin ƙofar duwan. Galibi masu tarba suna tsayawa ne wajen ƙofa ta 13 ko 14, da allo mai harafi da lamba. Ki tambayi lambar tun yanzu. Duk wanda ya tare ku yana cewa shi ne direbanku, ya fara faɗin sunan otel da sunanki, ba ke za ki faɗa masa ba.

Malam Hamadu, Kusiri: Kuɗi. Sefa ba ta da mai karɓa a can, ko a wurin 'yan canji. Yuro ko dala za ku riƙe. Farashin hukuma bai motsawa, yuro ɗaya sefa 655.957, wato yuro 100 kusan sefa 65,600, abin da ya hau kai ladan banki ne ko na ɗan canji. Dokar canji ta ƙasashen CEMAC, masu sefar Afirka ta Tsakiya, ta sa iyaka a sefa miliyan 5 ga matafiyi, abin da ya wuce sai da takardun hujja. Shi ya sa bai kamata a tara kuɗin adashe duka a jikin mutum ɗaya ba, a rarraba. Takardun su zama sababbi, marasa yagewa ko rubutun biro.

A filin jirgi ku canza kaɗan, yuro 50 ga ayari duka ya isa ruwa da shayi. Shagunan canji na Laleli da kewayen babbar kasuwar Kapalicharshi, masu allon Döviz, sun fi bayarwa. Kada ku canza na kwana 8 a rana ɗaya: lira tana yawan sauka, kuma babbar takardarsu 200 ce, sai ki ga yuro ɗari uku sun zama dami. Mai katin banki ya sa a buɗe masa shi don waje kafin tafiya. In na'ura ta tambaya da wane kuɗi za a cire, a zaɓi lira, canjin da na'urar ke tayi da kanta ya fi cuta.

Hajiya Asabe, Marwa: To mun isa otel misalin ƙarfe tara na safe. Sai kwanciya ke nan?

Alhaji Bappa, Garwa: Ina! Nan ne ran mutane ke ɓaci. Ƙa'idar yawancin otel ita ce ba da ɗaki ƙarfe biyu na rana, fita kuma sha biyu. Za ku zauna awa biyar a zauren tarbar baƙi, tsofaffi na gyangyaɗi, yara na kuka. Maganinsa: ku biya ɗaki biyu tun daga daren da ya gabata, ɗaya na mata ɗaya na maza, ku sanar da otel cewa da safe za ku iso don kada su ɗauka ba ku zo ba su bayar. Nan za a yi wanka, a yi salla, tsofaffi su miƙe ƙafa. Sauran kaya a ajiye a ɗakin ajiyarsu.

Ki aika musu jerin masu kwana tare tun mako guda kafin tafiya. Ki bambance musu ɗaki mai gado ɗaya babba da mai gado biyu, don in aka ce mutum biyu kawai, sai a haɗa surukai a katifa ɗaya. Ki tambaya ko harajin kwana yana cikin abin da aka biya. Mai gwiwa a nema mata ɗaki kusa da lif.

Mairamu, Ngawundere: 'Yan uwana mata, turaren wuta! A rufin kowane ɗaki akwai na'urar jin hayaƙi. Garwashi ɗaya ya isa ya tayar da ƙararrawar otel duka, wani wurin har da tara. A tafi da humra, a bar kasko a gida. Haka dafa abinci a ɗaki. Kayan cikin ƙaramin firji na kuɗi ne, a gargaɗi yara. Katin buɗe ƙofa shi ake sakawa a ramin bango wuta ta kawo, a nuna wa tsofaffi da hannu, kada Inna ta zauna cikin duhu tana zaton an ɗauke wuta. Masai na zama ne, da ɗan bututun tsarki a ciki da famfonsa a gefe, amma 'yar butar roba ba ta da nauyi, a saka. Ruwan sha na gora za ku saya, a kanti, manyan gorori.

Sanyin Disamba a can ba hunturunmu ba ne. Awo 5 zuwa 10, da ruwan sama da iska daga teku, wani lokaci ƙanƙara. Rigar sanyi, safa da takalmi rufaffe su kasance a jakar hannu, don tun a ƙofar filin jirgi za a buƙace su.

Malam Hamadu, Kusiri: Salla kuma. Mu nan mun saba alƙibla gabas ce. A Istanbul kudu take, ta ɗan karkata gabas. Wanda ya bi fitowar rana ya kauce. A duba alamar da otel kan manna a rufi ko cikin aljihun tebur, ko a tambaya. A ƙarshen Disamba rana ba ta fitowa sai wajen takwas da minti ashirin, ta faɗi kafin ƙarfe shida. In kun sauka da sassafe kuna iya samun asuba a filin jirgi, ɗakin salla Mescit aka rubuta.

Sali, Garwa: Na karɓi gyara, Baba Alhaji. Amma bayan an huta, taragon T1, jirgin ƙasan da ke bin titi, shi ne abokinku. Yana bi ta Aksaray, Laleli, Beyazit, Sultanahmet har Eminonu. Kowa ya sayi katin Istanbulkart nasa a na'urar tasha. Ana iya buga wa mutane da yawa da kati ɗaya, amma in mai katin ya yi gaba, na baya sun tsaya. Dokar ayari a taragon: wanda ƙofa ta rufe ya rage, ya tsaya inda yake. Waɗanda suka tafi su sauka tasha ta gaba, mutum ɗaya ya komo. In kowa ya bi kowa, sai dare. Jaka a gaba, don taragon yana cika maƙil kuma masu yankan aljihu sun san shi.

Alhaji Bappa, Garwa: Ranar farko kada ku sa komai sai cin abinci kusa da otel da zagaya unguwa, kowa ya gane kwanar gidansa. Sauran ranaku ku duba kalanda: fadar Topkapi, inda aka ajiye kayan tarihin Manzon Allah (SAW), tana rufe ran Talata, babbar kasuwa ran Lahadi. Ayasofiya ta koma masallaci a 2020, kuma tun Janairun 2024 mai yawon kallo yana biyan yuro 25 ya hau bene. Ziyarar kabarin sahabi Abu Ayyub al-Ansari a Eyup Sultan, taragon T5 daga Eminonu yana kaiwa.

Hajiya Asabe, Marwa: Na kwafe duka a littafi. Gobe zan kira ajans kan keken Inna da ɗakuna biyun nan. Zara, yadin ɗaurin akwati, ja ko ruwan ɗorawa?

Zara, Njamena: Ruwan ɗorawa, Hajiya. Ja kowa shi yake ɗaurawa.